Masu Turkar Kamfanoni: A Duba Igiya Kafin A Miƙa Wuya

Da wuya a sami gida a garuruwanmu da ba a san katifar Mouka ba. Ita ake kaiwa ɗakin amarya, ita ɗan makarantar kwana ke naɗewa ya ɗora a ka, ita dillalai ke jerawa a bakin shaguna daga Kano har Sakkwato. Amma kaɗan ne daga cikin masu saye da masu sayarwa suka san cewa kamfanin da ke yin wannan katifa ya canja hannu har sau uku a cikin shekara 14. Asalinsa na iyalin Moukarim ne, mutanen Labanan da suka fara sana'a a Kano a 1959. A 2007 wani kamfani na Landan mai suna Actis ya sayi kaso mafi tsoka a cikinsa. A 2015 Actis ya sayar wa Abraaj na Dubai. A 2018 shi kansa Abraaj ya rushe. A 2021 aka sanar da cewa Dolidol, wani kamfanin katifa na Maroko, ya saye Mouka. Ba mu kawo wannan tarihi don zargin kowa ba, kamfanin yana nan yana aikinsa. Mun kawo shi ne don a ga cewa akwai wata kasuwa da ake cinikin kamfanoni sukutum, a ofisoshin lauyoyi, wadda ma'aikacin masana'antar Kaduna da dillalin Sabon Gari sai dai su ji labari bayan an gama.

Yin katifa ba sana'ar Actis ba ce, ba kuma sana'ar Abraaj ba ce. Sana'arsu ita ce su tara kuɗin manyan masu hannu da shuni, su sayi kamfanin da ba ya cikin kasuwar hannayen jari, ko dukkansa ko wani yanki nasa, su riƙe shi shekara 3 zuwa 7, sannan su sayar su ci riba. Turawa na kiran wannan harka firaibet ikwiti. Mu kuwa ba mu ga sunan da ya dace da ita kamar turka ba. Kowa ya san mai turka. Yakan je kasuwar ƙauye ya sayo ramammen sa ko rago, ya ɗaure a turke, ya yi ta ɗura masa dusa da harawa, yana lissafin ranar da zai kai shi kara gab da Layya. Makiyayi yana kiwo ne don garke ya yaɗu ya bar wa 'ya'ya da jikoki. Mai turka kuwa tun ranar da ya saya ya riga ya san ranar da zai sayar. Duk wanda ya riƙe wannan bambanci ya fahimci rabin maganar.

Wataƙila wani ɗan uwa ya ce, ina ruwan jaridar da ake saya a ƙofar masallaci da cinikin masu kwat da laktaye? Amsa ita ce, ruwanmu ne ƙwarai. Da yawa daga cikin matasan da ke karanta wannan shafi lebura ne a wata masana'anta, ko akawu, ko manaja, ko ɗan mai kamfani da za a miƙa wa makullai gobe. Wasu kuma sun fara nasu, daga injin casar shinkafa zuwa kamfanin ruwan leda da na abincin kaji, suna neman jarin da za su faɗaɗa. Ranar da baƙo zai yi sallama da jakar daloli da takardu shafi ɗari, ba ranar fara koyo ba ce. Rashin sani ya fi dare duhu.

To, da farko kuɗin wa suke juyawa? Mafi yawansa ba nasu ba ne. Sukan buɗe asusu, su zaga duniya suna neman masu zubawa: hukumomin fanshon ma'aikata, kamfanonin inshora, asusun ajiyar jami'o'i, baitulmalin ƙasashe masu arzikin mai, bankunan raya ƙasa, da attajirai. Su masu gudanarwa abin da suke sawa daga aljihunsu ɗan kaɗan ne. A bisa al'adar wannan kasuwa, duk shekara suna cire kimanin kashi 2 cikin 100 na asusun a matsayin ladan aiki, ko an ci riba ko an faɗi. Idan asusu dala miliyan 500 ne, ke nan dala miliyan 10 duk shekara. Sannan idan aka sayar da kamfanonin aka mayar wa masu kuɗi uwar kuɗinsu da wani ƙari, wanda galibi kashi 8 cikin 100 ne a shekara, sai masu gudanarwa su ɗauki kashi 20 cikin 100 na riba. Shi kuma asusun yana da ajali, yawanci shekara 10. Shekarun farko na saye ne, na ƙarshe na sayarwa ne.

Wannan ajali shi ne abin da mai kamfani ya fi bukatar ya sani. Wanda ya kawo maka kuɗin nan yana da nasa iyayengijin da ke jiran sa da agogo a hannu. Ko mutumin kirki ne, ko yana ƙaunar ka, ranar da wa'adi ya cika dole ya fita. Ƙofofin fita kuwa sanannu ne: ya sayar wa babban kamfani mai irin sana'arka, wanda sau da yawa abokin gasarka ne, ko ya sayar wa wani mai turka irinsa, ko ya kai kamfanin kasuwar hannayen jari, ko kai da kanka ka fanshi kasonsa. Saboda haka abokin tarayyar da ka zaɓa yau ba shi ne za ka wayi gari da shi bayan shekara 6 ba. Wanda zai gaje shi kuwa, idan ba ka rubuta sharaɗi ba, ba ka da ta cewa a kansa.

Wannan sana'a ta yi ƙarfi ne a Amurka. A 1976 wasu mutum uku, Jerome Kohlberg da Henry Kravis da George Roberts, suka kafa kamfanin da ake kira KKR. A ƙarshen 1988 suka ci cinikin RJR Nabisco, katafaren kamfanin taba da biskit, a kan kimanin dala biliyan 25, kuma mafi yawan kuɗin bashi ne. Daga nan duniya ta san dabarar da ta zama ƙashin bayan wannan kasuwa, wato sayen kamfani da bashi, a kuma ɗora bashin a wuyan kamfanin da aka saya. Shi kuwa Actis da muka ambata, a 2004 aka ɓalle shi daga hukumar CDC ta gwamnatin Ingila, wadda aka kafa a 1948 don zuba jari a ƙasashen da Ingila ke yi wa mulkin mallaka. Sanin asalin baƙo yana taimaka wa mai masauki.

Bari mu buga misali da ƙirƙirarren lissafi don dabarar ta fito fili. A ce ga kamfanin casar shinkafa da aka yi wa kuɗi naira biliyan 1, yana samun ribar naira miliyan 200 a shekara. Mai turka ya zo ya sa miliyan 300 daga asusunsa, ya ciwo bashin miliyan 700 daga banki, ya jinginar da injinan kamfanin da filinsa, aka rubuta bashin da sunan kamfanin. Idan kuɗin ruwa kashi 25 cikin 100 ne, kuma kada a ga kamar mun zuzuta, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya kansa ya kai kashi 27.5, to duk shekara kamfanin zai biya banki miliyan 175. Saura miliyan 25 kacal don gyaran inji da ƙarin albashi da ranar tsiya. Idan al'amura suka yi kyau aka sayar da kamfanin biliyan 1 da rabi, sai a biya banki miliyan 700, mai turka ya tashi da miliyan 800 daga miliyan 300 da ya sa. Da kuɗi hannu ya saya, da ribar sayarwar ba ta wuce rabin abin da ya zuba ba, amma da bashi ta kusa ninka jarinsa sau biyu. Idan kuwa damina ta ƙi, ko shinkafar waje ta cika kasuwa, kamfanin ne zai kasa biya. Mai turka ya yi asarar miliyan 300 na mutane, ya riga ya ci ladansa na shekara-shekara, ya kaɗe riga ya tafi. Banki ya kwashe injina. Lebura ya koma gida, manomin da ya kai shanshera bashi ya shiga layi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Toys "R" Us shi ne mashahurin kantin kayan wasan yara na Amurka. A 2005 KKR da Bain Capital da Vornado suka saye shi a kan dala biliyan 6.6, suka sa kimanin biliyan 1.3 nasu, kamfanin ya wayi gari da bashin da ya haura dala biliyan 5. Kuɗin ruwa kaɗai yana cin kimanin dala miliyan 400 a shekara. Gaskiya ne kamfanin ya sha matsi daga Walmart da Amazon, amma wanda ke ɗauke da dutsen niƙa a ka ba ya tsere da mai hannu rabbana. Kuɗin da ya kamata a gyara kantuna da shi, a kuma shiga cinikin intanet, masu bin bashi ne suka riƙa karɓewa. A watan Satumba na 2017 kamfanin ya kai kansa kotu ya ce ya kasa. A 2018 aka rufe kantunansa na Amurka, ma'aikata fiye da 30,000 suka rasa aiki ba tare da kuɗin sallama ba. Sai da suka yi ta zanga-zanga kafin KKR da Bain suka haɗa dala miliyan 20 don a raba musu. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai wasu dabaru biyu da ya kamata manaja ya gane su tun daga nesa. Ta farko, a sa kamfani ya ciwo sabon bashi, ba don sayen inji ko gina rumbu ba, sai don a raba wa masu hannun jari a matsayin riba. Mai turka ya maido da kuɗinsa tun kafin ya sayar, bashi ya zauna. Ta biyu, a sayar da fili da ginin kamfani, a raba kuɗin, sannan kamfanin ya koma ɗan haya a cikin gidansa. A takarda za a ga kuɗi sun shigo. A zahiri kuwa an sayar da gona ne an ci, an bar magada da biyan aro.

Adalci ya wajaba ko a kan wanda ake tsoro, don haka dole mu faɗi ɗaya ɓangaren. Ba kowace turka ke ƙarewa da kuka ba. A 2007 Blackstone ya sayi otal-otal na Hilton a kan dala biliyan 26, aka shiga rikicin tattalin arzikin 2008 kamar za a nutse, amma aka gyara gudanarwa, kamfanin ya ƙara yaɗuwa a duniya, Blackstone ya gama fita a 2018 da ribar kimanin dala biliyan 14. A nan gida, a 2015 Sahel Capital, mai gudanar da wani asusun noma da gwamnatin tarayya da bankin raya ƙasa na Jamus suka sa hannu wajen kafa shi, ya zuba jari a gonar L&Z ta Kano mai sarrafa madara da yogot. Irin wannan jari na faɗaɗawa ne, mai kamfani yana nan a kujerarsa, baƙo ya sayi yanki. Kuma babu mai musun cewa masana'antunmu na Bompai da Sharaɗa da Challawa na fama da ƙishin jari mai dogon numfashi, wanda bankuna ba sa bayarwa sai da kuɗin ruwa mai karya ƙashi.

Haka nan akwai abin da waɗannan mutane ke tilasta wa kamfani wanda mu da kanmu ya kamata mu fara yi tun kafin su zo. Suna raba aljihun Alhaji da aljihun kamfani. Suna kawo mai binciken littattafai daga waje. Suna hana a ɗauki ɗan ƙanwa aiki don kawai ɗan ƙanwa ne. Suna kafa majalisar daraktoci da ke zama tana tambaya. Sau nawa muka ga babban kamfani ya mutu ranar sadakar arba'in ta mai shi, domin komai yana cikin kansa, babu littafi, babu magaji da aka horar, 'ya'ya suka raba injina kamar ana rabon tabarmi? Wannan ciwo namu ne, ba baƙo ya kawo shi ba.

Sai dai a ƙasarmu igiyar takan zo da wata kama. Da yake bankunanmu ba su cika ba da bashin sayen kamfani irin na Amurka ba, mai turka yakan sayi yanki ne, amma ya ɗaure mai kamfani da sharuɗɗa. Na farkonsu shi ne dala. Mafi yawan waɗannan asusu da dala aka tara su, da dala kuma za a mayar. A 2015 dala ɗaya tana kusan naira 200 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya sa maka dala miliyan 1 a 2015 ya ba ka naira miliyan 200 ne, amma kafin ya ga uwar kuɗinsa kawai a 2024, ba a maganar riba, sai kasonsa ya kai naira biliyan 1 da rabi. Idan takarda ta ce shi ya ɗauki wannan kasada, to abokin tarayya ne. Idan kuwa ta ce kai za ka fanshi kasonsa da dala a kan farashin da aka yanka tun farko, har da ƙarin kaza duk shekara, to bashi ne aka sa masa rawani.

Sauran sharuɗɗan ma a san su. Akwai hannun jari mai fifiko, wanda idan aka sayar da kamfani ko ya karye, mai shi ne zai fara kwasar kuɗinsa cif kafin kai ka taɓa kwabo. Akwai sharaɗin ja, wanda ke ba shi ikon ya tilasta maka ka sayar da naka kason tare da nasa idan ya sami mai saye, ko kana so ko ba ka so. Akwai jerin al'amuran da ba za a zartar ba sai da yardarsa, kamar kasafin kuɗi da cin bashi da naɗa babban manaja, ta yadda mai kashi 25 zai iya tsayar da mai kashi 75. Akwai sharaɗin da ke cewa idan ba ka kai ribar da ka yi alkawari ba, kasonsa ya ƙaru naka ya ragu. Akwai wanda ke hana ka buɗe irin wannan sana'a na wasu shekaru idan ka bar kamfanin da ka gina da guminka. Duk waɗannan suna nan a rubuce da Turancin lauyoyi, kuma duk wanda ya sa hannu ya yarda. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kada kuma ɗan uwa ya ruɗu da suna ko da garin da baƙo ya fito. Abraaj a Dubai yake, wanda ya kafa shi a 2002 Arif Naqvi ne, ɗan Pakistan, kuma ya kai yana juya kimanin dala biliyan 14. Shi ne a 2013 ya haɗu da Danone na Faransa suka sayi Fan Milk, mai sayar da madarar sanyi a kan kekuna a Nijeriya da Gana. Ana gayyatar shugabansa manyan tarukan duniya yana bayanin yadda jari zai taimaki talaka. A 2018 wasu daga cikin waɗanda suka zuba kuɗi a asusunsa na gina asibitoci mai dala biliyan 1, ciki har da Gidauniyar Bill da Melinda Gates, suka nemi a nuna musu inda kuɗinsu yake. Kafin shekara ta ƙare kamfanin ya durƙushe. A 2019 hukumar kula da harkokin kuɗi ta Dubai ta ci tarar wasu kamfanoni biyu na Abraaj kusan dala miliyan 315 saboda yaudarar masu zuba jari da karkatar da kuɗinsu. Idan masu lauyoyi da akantoci na duniya sun faɗa wannan rami, ina ga Alhajin da ya yarda da mutum don ya gan shi a sahun gaba?

A nan ne muke ganin Musulmi yana da ma'auni a hannunsa, idan zai yi aiki da shi. Bai wa mutum jari ya juya a raba riba ba baƙon abu ba ne gare mu. Shi ne ƙiradi, wanda duk almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ya wuce ta kansa, kuma shi ne fatake suka yi ta yi a kan hanyar Gwanja. Ƙa'idarsa a fili take: a yanka rabon riba da kaso sananne, rabi ko sulusi ko rubu'i, ba adadin kuɗi tsayayye ba. Idan aka yi asara ba da sakaci ko ha'inci ba, mai dukiya ya yi asarar dukiyarsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Idan kuwa tarayya ce, kowa ya sa jari, to asara tana bin gwargwadon abin da kowa ya sa. Ba a lamunce wa ɗaya uwar kuɗinsa a bar ɗaya da kasada. A zamanta na Jidda a 1992, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa bai halatta a fitar da hannun jarin da ke lamunce wa mai shi uwar kuɗi ko wani adadin riba, ko yake ba shi fifiko wajen rabon dukiya idan kamfani ya rushe ba. Ke nan asalin wannan harka, wato a sa jari a yi tarayya a cikin riba da asara, abu ne da shari'a ta sani. Inda gizo ke saƙar shi ne bashi mai kuɗin ruwa da ake ɗora wa kamfani, da sharuɗɗan da ke kwashe kasada daga mai ƙarfi su jibga wa mai rauni.

Saboda haka muna kira ga duk mai kamfanin da aka yi wa tayi da ya nemi amsar tambayoyi biyar a rubuce kafin ya ɗauki biro. Na ɗaya, kuɗin nan na su wane ne, kuma shekara nawa suka rage wa asusun? Asusun da ya ci shekara 6 zai fi gaggawar sayar da kai fiye da sabo. Na biyu, kuɗin cikin kamfani za su shiga a sayi inji, ko aljihun masu sayar da kaso? Na uku, akwai bashin da za a rubuta da sunan kamfanin, nawa ne, kuma wa ya jinginar da me? Na huɗu, idan naira ta faɗi ko kasuwa ta mutu, wa ke ɗaukar asara? Na biyar, ta wace ƙofa za su fita, kuma kana da haƙƙin a fara yi maka tayi ko ka ƙi wani mai saye? Bayan haka ya je da ƙafarsa wurin masu kamfanonin da wannan baƙo ya taɓa shiga ya fita, ya tambaye su yadda aka rabu. Ya ɗauki nasa lauyan da nasa akantan, waɗanda shi ke biyan su, ya kuma kai takardar ga malamin da ya san fiƙihun ciniki ya kuma san yadda kamfanonin zamani ke tafiya. Kuɗin da zai kashe a nan ba su kai ɗigo ba a kan abin da zai iya rasawa. Ba a cinikin biri a sama.

Su kuma manajoji da manyan ma'aikata, jarrabawarsu daban ce. Al'adar masu turka ce su ba shugabannin kamfani wani ɗan kaso, don ranar sayarwa su ma su sami rabo. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, mai aiki ya cancanci ya ci gumin goshinsa. Amma manaja ya sani cewa an ɗaura zuciyarsa ne a kan farashin ranar sayarwa. Daga nan ake fara jinkirta gyaran inji don littafi ya yi kyau, a mayar da ma'aikatan dindindin 'yan kwantiragi, a riƙe kuɗin manomi da ɗan kwangila wata uku, a rage awo ko inganci kaɗan-kaɗan. Rage ɓarna da toshe sata gyara ne, muna goyon bayansa. Amma tauye haƙƙin lebura don lissafi ya yi ƙyalli zalunci ne, ko da majalisar daraktoci ta yi tafi. Ranar da aka sayar, baƙo zai hau jirgi. Kai ne za ka ci gaba da haɗuwa da waɗanda ka kora a masallaci da maƙabarta.

Ga matasa kuwa, kiranmu ya fi tsanani. Tsinuwa ga tsarin jari-hujja a majalisar shayi ba ta taɓa ceton kamfani ko ɗaya ba. Muna bukatar 'yan uwa da suka ƙware a ilmin akanta, da dokar kamfanoni, da kimanta darajar kasuwanci, waɗanda za su zauna a teburi ɗaya da baƙo su karanta shafi na 87 su ce wannan sharaɗi ba mu yarda da shi ba, ga dalili. Mai ƙaramar sana'a ya fara tun yau: ya yi rajista, ya buɗe asusun banki na sana'a daban da na cefane, ya rubuta shiga da fita kullum. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin kunya ne a ce al'ummar da aka yi wa wannan umarni ita ce ke gudanar da kasuwancin miliyoyi da baki da "ai mun yarda da juna". Kamfanin da ba shi da littafi ba ya iya sanin darajarsa, wanda bai san darajar kayansa ba kuwa mai saye ne ke yanka masa farashi.

A ƙarshe, a tuna cewa ba duka kuɗin nan ne daga waje suke zuwa ba. Tun bayan dokar fansho ta 2004 ake yankar albashin ma'aikatan ƙasar nan wata-wata, kuma ƙa'idojin hukumar fansho sun ba masu juya wannan kuɗi damar sa wani yanki a irin waɗannan asusu. Ke nan malamin makaranta da ma'aikacin asibiti suna iya zama masu jari a turkar da ba su taɓa jin sunanta ba, kuma haƙƙinsu ne su tambaya. Sannan attajiranmu na Kantin Kwari da Singa da Dawanau, waɗanda dukiyarsu ke kwance a filaye da gidajen haya, me ya hana su haɗa asusu irin wannan a kan ƙa'idar ƙiradi da tarayya, da ƙwararrun masu gudanarwa da bincike na gaskiya, su tallafi masana'antun da ke ɗaukar 'ya'yan talakawa aiki? Al'adar ubangida ya ba yaronsa jari ya sallame shi tana nan a jininmu. Abin da ya rage shi ne tsari da rubutu da riƙon amana.

Ba mu ce a rufe ƙofa ga duk mai sallama ba, ba mu kuma ce a shimfiɗa wa kowa darduma ba. Abin da muka ce shi ne, mai turka ya san abin da ya kawo shi, ya san ranar tafiyarsa, ya kuma rubuta komai. Wajibi ne mai gida shi ma ya san nasa. Allah ya ba mu halal mai albarka, ya kiyashe mu da cin haƙƙin bayinsa, ya sa mu gama da duniya lafiya.